Ashirin da Biyar Ɗin da Ke Kan Leda

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya raya mana zuri'a. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Baba ta yi sauƙi, har yana zagaya tsakar gida ba sanda. Gwaggo ma ta warware daga murar da ta kwantar da ita, bakinta ya dawo aiki.

Maganar akwatin kifin da kika aiko wa Baba ce ta sa na ɗauki biro. Yaya, kin iya kyauta, wannan ba a ƙwace miki. Tun ranar da aka kafa akwatin gilashin nan a falo Baba ya juya kujerarsa, ya ba talabijin baya. Kowane kifi ya raɗa masa suna. Duk baƙon da ya shigo sai an kai shi gaban akwatin an ce masa wannan aikin babbar 'yata ne. Ni kuwa mai canza ruwan, mai goge gansakuka, mai watsa musu abinci safe da yamma, sunana ba ya fitowa sai in an ga gilashi ya yi dusu-dusu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba zan ɓoye miki ba, ina jin haushi, kuma kishinki nake yi, kishi na sosai.

Kin tuna ma'aunin zafin da kika haɗo da shi, mai batir, wanda ake liƙawa a jikin gilashi, wayarsa kuma tana cikin ruwa? Kin ce a waya kifin nan ba sa son ruwa ya wuce digiri ashirin da biyar sosai. To kullum da safe Baba zai sa tabarau ya leƙa, ya ga ashirin da biyar cif, ya yi hamdala ya sa miki albarka. Da rana haka, da yamma haka. Sai na lura kifin sun daina cin abinci, suna taruwa a sama suna buɗe baki. Na tsoma hannu na ji ruwan da ɗumi kamar na wankan jariri. Da na faɗa wa Baba, sai ya ce hannun da ya wuni a bakin murhu ba shi zai ba da shaida ba.

Na je kasuwa na sayo ɗan ma'auni na gilashi mai jan layi, irin mai yawo a kan ruwa. Na jefa shi, jan layin ya haura talatin. Na nuna wa Baba. Ya dubi nawa, ya dubi naki, ya yi dariya ya ce in cire wannan tsinken kafin kifi su haɗiye shi. Wai yaya za a yi kayan bakin titi ya ƙaryata abin da ya hau jirgi ya zo. Na ce masa ruwa ba ya zama a maki ɗaya dare da rana, ya ce ai ingancin ke nan, abu mai kyau ba ya rawa. Har ya ƙara da cewa tun muna yara ba na son a yabe ki. Wannan maganar ta zauna min a ƙirji, don a gaban Gwaggo ya yi ta.

Bayan kwana kaɗan muka tashi muka tarar da babban jan kifin nan, wanda Baba yake kira Hajiya, yana yawo ciki sama. Wasu biyu suka bi shi. Baba ya ƙi karyawa ranar. Ya ce wataƙila abinci na cika musu.

Ina goge gilashin da tsumma, raina a ɓace, sai gefen ledar da ke fuskar ma'auninki ya ɗago. Kin san Baba da ledar sabon kaya. Rimot ɗinsa har yau a cikin leda yake, kuma da mai haɗa akwatin ya so ɓare ledar ma'aunin, cewa Baba ya yi kada a taɓa, a bar shi yadda kika aiko. Na sa farce na ja. Yaya, sai ga ashirin da biyar ɗin a manne a yatsana. Ashe zane ne kamfani ya buga a kan ledar don talla. A ƙarƙashinta ainihin ma'aunin yana nuna talatin da biyu, daidai da ɗan tsinkena. Hitar da ke ɗumama ruwan akwatin ce ta lalace, ta daina kashe kanta, tana ta dafa bayin Allah.

Na zare hitar, na riƙa sirka ruwan kaɗan-kaɗan har zafin ya fara saukowa, sauran kifin suka farfaɗo. Na tsaya gefen kujerar Baba da ledar a hannu, ina jiran kalma ɗaya, ko sannu ce. Ya daɗe yana kallon lambar tana sauka. Can sai ya gyaɗa kai ya ce wa Gwaggo ta gani ko, da ba don na'urar babbar 'yarsa ba da ba a gano ciwon ba. Ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe.

Na san ba laifinki ba ne, kuma ba na fatan albarkar da yake sa miki ta ragu ko da ƙwaya ɗaya. So nake kawai in ji yadda take in ta sauka a kaina.

Ki gaishe min da maigidanki, da 'yan biyu, da Auta mai ƙiriniya. Gwaggo tana gaishe ku, ta ce ki turo hoton yara. Baba kuma shi ya sa ni rubuta wasiƙar nan. Ya ce in yi miki godiya da kyau, in faɗa miki kin ceci kifinsa daga can inda kike, Allah Ya yi miki albarka. Ya tambaye ni har sau biyu ko na rubuta.

Na rubuta.

Taki,
Ƙanwarki ta gida