Sunan Da Na Ba Mai Alawayyo

Zuwa ga Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, sai biro ya tsaya mini, don abin da ke biye shi ne in ce ina fata kina lafiya, kuma ban san yadda ake tambayar wadda ke inda kike ba. Na san ba za ki karanta ba. Ko da kina nan ma ba ki cika karanta rubutuna ba, cewa kike ƙanana ne kamar ƙafar tururuwa.

Na je Rafin Guza ranar Juma'a na gaida Innarki. Ta rame, Rabi. Ta koma suyar ƙosanta a ƙofar gida, amma in 'yan makaranta sun wuce sai ta bar man yana ƙonewa. Littafin soyayyar nan da na ara miki na gan shi a kan tagarki, kin naɗe shafi a tsakiya. Ban ɗauka ba.

Babban labari shi ne, ni ce shugabar ajinmu yanzu. Kada ki yi dariya. Malam Tanimu ya shigo darasin wasan kwaikwayo ya ce haƙuri ya zama dole, wasan da muke shiryawa shi ne jarrabawarmu ta ƙarshen zango, sai a zaɓi wanda zai maye gurbinki. Can wani daga baya ya ce a ba Hajara mana, ai ita ce ke zama bayan labule da takarda tana raɗa wa wanda ya manta, maganar kowa tana kanta. Hannuwa suka tashi. Ni da in namiji ya yi mini sallama sai na nemi amsar a ƙasa. Na so in ce ba zan iya ba, bakina bai buɗe ba. Kin san halina.

Yanzu ina tsayawa inda kike tsayawa, ina tafa hannu sau biyu kamar yadda kike yi. Suna yin shiru kuwa. Amma shirun da suke yi mini ba irin naki ba ne.

Akwai abin da ban gaya miki ba, kuma saboda shi na zauna rubutun nan.

Kin tuna ranar da kika aike ni kasuwar Kawo in sayo farin yadin da za a naɗe Laure? Ke ce Laure, yarinyar da ke mutuwa a ƙarshen wasa, Sagir kuma ya durƙusa a kanta yana kuka. Kin ce ba ki son zanin gado, so kike 'yan kallo su gani gabansu ya faɗi. Na je rumfar wani dattijo na ce a ba ni alawayyo, wanda zai ishi mutum. Sai ya ajiye rediyonsa, ya yi salati, ya ce Allah Ya ji ƙan rai.

A nan ya kamata in ce, Baba, na wasa ne. Kalma uku. Amma akwai maza huɗu zaune a benci, duk sun juyo, ta yaya 'yar Musulmi za ta ce ta zo sayen likkafanin wasa? Sai na ce amin.

Ya tambaye ni mace ce ko namiji, don na mace ya fi yawa. Na ce mace. Babba ce? Na ce sa'ata ce. Ya tsaga bakin yadin da almakashi ya yage shi da hannu, har yau ina jin ƙarar. Da ya ninke ya miƙo mini, sai ya ce in faɗa masa sunanta ya sa ta a addu'a.

Rabi, ban ce Laure ba. Sunanki na faɗa.

Ya ɗaga hannu, mutanen benci ma suka ɗaga. Allah Ya gafarta wa Rabi'atu, Ya haskaka kabarinta, Ya ba iyayenta haƙuri. Na shafa tare da su. A lokacin kina makaranta kina faɗa da masu buga katakon dandamali. Na kawo miki yadin kika yafa a kai kina taka rawa, kina cewa amarya ta iso. Me ya hana ni magana ko a nan?

Na ce wa kaina ruɗewa ce. Wataƙila. Amma tunda ba za ki karanta ba, bari in ƙarasa. Na so matsayin Laure. A littattafan da nake karantawa babu abin da ya kai wannan daɗi, a rasa ki, a durƙusa, a kira sunanki da kuka. Kullum ina bayan labule ina jin muryar Sagir tana rawa a kanki, har nakan rufe ido in ɗauka ni ce. Ban taɓa so ki mutu ba, wallahi. Wurin kwanciyarki kawai na so. To, harshe ya san bambancin?

Mako uku bayan nan zazzaɓi ya kama ki, kwana huɗu kacal. Kin cika da safiyar Asabar ɗin tsaftar gari, sojoji a titi, ba mota, ba shago a buɗe sai ƙarfe goma. Ko da na iso an riga an haɗa ki. Na zauna cikin mata, sai na ji suna ba juna labari. Wai ana ta tunanin inda za a samo likkafani, Inna ta buɗe akwatinki ta tarar da shi a ninke, sabo, daidai na mace. Suna ta kabbara, wai yarinya ƙarama ta yi tanadin tafiyarta, wannan baiwar Allah ce. Inna har yanzu da wannan take rarrashin kanta. In gaya mata? Ke da kin gaya mata?

Na je wurin Alaramma na layinmu, wanda na yi saukar Alƙur'ani a wurinsa, na tambaye shi kamar labarin wata ce. Ya ce ajali ba ya jin bakin kowa, addu'ar rahama kuma ba ta taɓa kashe mai rai ba. Sannan ya dube ni ya daɗe, ya ce in ce wa waccan ɗin ta yawaita istigfari. Kaina ya yarda da shi. Ƙirjina ne bai ji karatun ba.

Ga inda nake yanzu. Malam Tanimu ya ce aikin shugaba ne ta ba shi sunan sabuwar Laure. Jummai ce ta fi kowa so, kuma ta fi kowa iyawa, kin sani. Ta biyo ni har tashar bas tana cewa haba shugaba, ranki ya daɗe, buɗe baki kawai za ki yi ki ce Jummai, mene ne abin wahala a ciki? Tana dariya, ta riƙe mini jaka. Na dubi wuyanta, wata 'yar jijiya tana bugawa a wurin. Na tuna sunan da na ba mai alawayyo, na kasa.

Jiya na miƙa takardar. Sunana na rubuta.

Yau ba wanda ya zauna kusa da ni. Jummai ta ce a gaban kowa, ashe shiru-shirun na munafunci ne, ko arba'in ba a yi ba na haye kujerarki na kuma haye shimfiɗarki. Sagir ya ce zai yi saboda jarrabawa, amma kada in sa ran hawaye. Ban kare kaina ba. Da me? Rabin maganarsu ma gaskiya ce.

Sabon yadi yana ƙasan akwatina, inda Mama ba ta dubawa. Wata rumfar na je, na ce na labule ne. Mai rumfar ya bi ni da kallo daga sama har ƙasa kafin ya auna.

Ranar Asabar mai zuwa za a yi wasan, da ƙarfe huɗu. Baba ya ce zai zo da abokan aikinsa na sakatariya su ga 'yarsa shugaba. Za a kwantar da ni a kan hannun dama, a ja yadin ya rufe fuskata. In Alaramma ne da gaskiya, za a ja labule, in tashi, in rusuna wa 'yan kallo, in ci gaba da tsufa da abin nan a cikina. In kuma ba haka ba ne, to ki yafe mini tun kafin in iso.

Allah Ya ji ƙanki, Rabi'atu. Wannan karon na san abin da nake faɗa.

Ƙawarki,
Hajara