Na Ƙona Waken 'Yata da Injin Aro

Hajiya Uwani, salamu alaikum, ina gaisuwa, ya aiki, ya iyali? Don Allah ki taimake ni, na yi aika-aika da hannuna.

Ni manomi ne a Wagini. Aji huɗu na yi a firamare na gudu, amma da aji huɗun nan nake cin kasuwa. Duk wanda ya sayo maganin gona a Batsari, ni yake kawo wa in karanta masa kwalba. Gaskiyar magana, kalma ɗaya nake ganewa, sifire, wato feshi. In na hango ta sai in gyara murya in faɗe ta ta hanci, har in ƙara da cewa a bakin kakanninmu Turawa suka tsince ta. Sauran rubutun, hoto nake kallo.

Tun da 'yan bindiga suka hana mu gonarmu ta wajen Ruma, ɗan fili ya rage mana a bayan gida. Na yanka wa 'yata gayauna a ciki, mu kira ta Safiyyatu. Ita ta shuka wake, ita ta nome, don ta sayar ta yi rajistar jarrabawar fita sakandare. Da ya fara fure na aro injin feshin maƙwabcina Mati, shi kaɗai ne a unguwar, gida-gida yake yawo. Na tarar da sauran ruwa a tanki, na ce wannan ai gyara ce. Yarinyar ta ce in tambayi Mati abin da ya fesa, in kuma wanke tankin. Na ce mata tun ba a haife ta ba nake sifire. Tana tafiya makaranta na tuttula maganin ƙwari a kai. Ashe na ciyawa ne a ciki.

Kwana uku wake ya murɗe ya ƙone. Na ce mata na wanke tankin, cuta ce ta iska. Ba ta ce komai ba, ruwan alwalata ma ba ta fasa kawowa ba. Na gwada barkwanci, ko ni ban yi dariya ba. Damina ta ja baya, ba sauran shuka. In na faɗi gaskiya girmana ya zube, in na yi shiru tuwo ba ya wucewa. Ina zan sa kaina?

Baturen Wagini

Malam Bature, amin wa alaikas salam. Ba zan yaudare ka ba: waken ya tafi, kuma mai yiwuwa jarrabawar bana ta bi shi. Na san ba mugunta ka yi ba. Wanda aka raba da gonarsa dole ya yi tattalin ko da ragowar ruwan tanki. Amma tattalin bai kai ga ƙarya ba.

Kuma ka sani, Safiyyatu ta riga ta gane. Ita ta gargaɗe ka. Shirun nan nata rufa maka asiri take yi, kai kuma ka bar mata nauyin ita kaɗai. Kira ta gaban mahaifiyarta ka faɗa mata, ba wasa, ba Turanci. Ka je makarantar ka ji ranar rufe rajista. Daga yau duk kwalbar da aka kawo maka, miƙa mata ta karanta.

Waken ba ka da ikon mayar mata. Gaskiyar kuwa tana bin ka, kuma yau ya kamata ka biya. Allah Ya sassauta muku, Ya mayar da ku gonarku lafiya.