Malam, ni na sayi kwalbar

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, matarka ce daga Dubai, inda ɗanka ya ajiye ni a hawa na tara ana duba min gwiwa. Tun da ka tafi ƙarar mutane nake kawo maka. Yau tawa na kawo.

Ka tuna jikarmu Ummi, takwarata, wadda ka bari da wawulo? Yanzu jami'a take a nan. Ta ci jarrabawa, na ce sai na burge ta. Na sha gani a bukin 'yan gayu ana buɗe wata doguwar kwalbar ruwan inabi, ana tafi. Ranar Talata na lallaɓa babban kantin da ke ƙasan benenmu, ni kaɗai.

Malam, kwalabe ne jere har sama, ni kuwa ilimina bai wuce zoɓo da kunun aya ba. Wata 'yar Filifin mai aiki a wurin ta ga ina ƙwanƙwasa su kamar mai zaɓen kankana. Da hannu da guntun Larabcin da na tsinto a hajji muka fahimci juna. Ta ce kar in ɗauki na ƙasa, sukari ne zalla. Na sama kuma suna ake saya. Ta tambayi abin da za mu ci, na ce nama, sai ta zaro ja daga tsakiya, mai sauƙin kuɗi. Na ce halal? Ta ɗora yatsa a kan wani sifili, ta ce halal, Mama. Na ɓoye ta a firij bayan robar miyar kuka.

Ɗanka ya dawo daga sitonsu, ya buɗe firij. Ka san shi, zuciyarka ya ɗauko, ya bar dariyarka. Kalma ɗaya ya karanta a jikin kwalbar, ya ce da Turanci giya take nufi. Ya wurga ta ramin shara, ya kira Ummi. Bai tambaye ta ba. Ya ce karatu ya ƙare, Juma'a za ta koma Kano.

Ina zaune da carbi a hannuna. Yarinyar nan ta dube ni sau ɗaya, ta sunkuyar da kai. Ta gane. Ba ta tona ni ba.

Ni ma ban tona kaina ba. In giyar ce da gaske fa? Ban iya karanta Turanci ba, yatsar baƙuwa kawai na gaskata. Hajiya guda, uwar maigida, da furfurarta. Kai da kake cewa bakina ba ya hutawa ko a gidan makoki, kwana biyu bai buɗe ba. Ta bango nake jin Ummi tana haɗa kaya.

Ranar Alhamis na ja gwiwata na koma, na sayo irinta. Na zauna a bakin ƙofa har ya shigo. Na danƙa masa, na ce ya karanta tun daga sama har ƙasa, da ƙarfi, yadda yake biya maka allo. Ya karanta. Sifili, babu barasa ko ɗigo. Na ce ta farkon ma ni na saya.

Ya daɗe yana kallon silifas ɗinsa. Can ya ce ko da haka, bai dace a kwaikwayi mashaya ba. Na ce na yarda, to ni za a mayar Kano, ko suna ba sai an canza a tikitin ba.

Ya soke tafiyar. Bai ba ta haƙuri ba, shawarma ya sayo mata, jininka ne.

Amma Malam, Ummi tana kawo min magani a kan lokaci, tana shafa min gwiwa, tana kirana Hajiya. Da can “tsohuwa mai rigima” take ce min, tana sace min goro. Jiya na tsokane ta a kan ɗaurin ɗankwalinta, ta ce to, za ta gyara.

Allah ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka. Ya yafe min kwana biyun nan, ya dawo min da rashin kunyar jikata.

Matarka,
Rabi