Rifkatu, Burodi Ba Sallama Ba Ne

Zuwa ga Rifkatu, Maman Bitrus, wadda katanga ɗaya ta raba gidana da nata a Dutsin-Ma.

Ina gaishe ki gaisuwar da ta kamata, ke da Baban Bitrus da yara. Ina fata kun isa garinku lafiya, kun sami dangi lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. To, na sauke nauyin gaisuwa. Yanzu ki zauna ki ji, don ba da daɗin rai nake wannan rubutu ba.

Kin san ni, ba na ɗaga murya, ba na kuma kai maganar gida waje. Amma na kira ki har na gaji, ba kya ɗauka. Na san kina leƙa shafin nan, shi ya sa na kawo maganar nan. Wanda ya karanta ya karanta.

Shekarar da kuka tare, Goggo, mahaifiyar Malam maigidana, tana kwance. Haƙora sun ƙare, tuwo ba ya wucewa, kunu kuma ya ishe ta. Wata safiyar Asabar kika miƙo faranti ta kan katanga, kika ce a gwada mata. Na karɓa, na gode, amma ban ba ta ba. Sai da na zagayo har madafarki na tambaye ki me da me ke ciki, da wane mai, a wane kasko. Da wata ce da ta yi fushi. Ke dariya kika yi, kika ce, “Yaya, ke ko ruwan sama aka ba ki sai kin tambayi wanda ya tara.” Ran kasuwa kika sayo sabon kasko, kika ɗaura masa jan zare a hannu, kika ce wannan na gidan Malam ne, ba abin da zai taɓa shi sai abin da zan iya ci.

A kaskon nan kika koya mini. Ƙananan burodin nan masu taushi da zaƙi, masu zuwa manne da juna a leda. A bar su su kwana, don na ranar bai da ƙarfi. A tsaga kowanne biyu. A fasa ƙwai, a zuba madarar gwangwani, ɗan gishiri, ɗan garin kirfa, ban da sukari tunda burodin ya zo da nasa. A tsoma, a juya, a cire nan take, in ya sha da yawa a hannu zai ɓare. Ni kuma da na saba da suyar ƙosai sai in iza wuta, waje ya ƙone, ciki ɗanye. Kina tsaye a kaina kina cewa, “Yaya, rage wutar nan, ba sauri muke ba.” Ke bota, ni man shanun kasuwar Kurfi. Har kika tafi ba mu daidaita a kan wannan ba.

Goggo ta ci burodin nan har Allah ya karɓi abarsa. Ba ta taɓa iya faɗin sunanki daidai ba, ’yar albarka kawai take ce miki.

Kin san maganar da na sha saboda ke? A wajen suna wata ta ce mini, wai ni da na sauke Alƙur’ani ina cin girkin wadda ba ta salla. Na ce mata ta koma wurin malaminta ta tambayi haƙƙin maƙwabci. Ban taɓa gaya miki ba, don kada ranki ya ɓaci. Makullin ɗakina a hannunki nake barinsa. Naki kuma duk Kirsimeti a ƙarƙashin matashina yake kwana.

Da aka yi rasuwar kawuna a Kurfi na shigo yi miki sallama, tunda ko Zobe da ke nan kusa ban taɓa zuwa ba sai na leƙo na ce miki na tafi. Na ga kwalaye a tsakar ɗaki, labule a sauke. Na tambaya, kika ce kyankyasai ne suka dame ki, feshi za a yi. Idona kika kalla kika faɗi haka, Rifkatu. Ranar ba Asabar ba ce, amma kika hura wuta, kika soya burodin, kika cika farantinki mai furanni kika ce in kai wa masu zaman makoki. Kika rungume ni a zaure kika ƙi saki, har na ce miki lafiya, Kurfi ce fa za ni, ba Makka ba.

Na kwana biyu na dawo. Kin dai san ba a mai da kwanon maƙwabci wayam. Da safe na soya, da bota ma don in faranta miki, na rufe, na sa hijabi na zagayo. Sai kwaɗo na tarar. Ina tsaye da faranti mai zafi a hannu ina buga ƙofar gidan da ba kowa. Matar mai gidan hayar ce ta leƙo ta ce, “Au, Maman Habiba, ke ma ba a gaya miki ba?” Duk lungun suna kallona. Ban san yadda na kai kaina gida ba.

Can daga baya saƙonki ya shigo, gajere. Wai in yi haƙuri, Baban Bitrus ne ya ce kada kowa ya san ranar tafiya, saboda hanya.

Ban ga laifinku ba da kuka tafi, ki fahimce ni. Na san an tare abokin aikin Baban Bitrus a hanya. Na san ana cewa masu kai wa ɓarayin daji labari a cikin gari suke. Da tsoron nan ni ma nake kwana nake tashi. Ƙanena a Tamawa ya bar gonarsa ta nesa ba shuka, mu kuwa ba mu da wani garin da za mu koma. Da kin gaya mini, ni zan ɗaure miki kaya, bakina a rufe, ko ’ya’yan cikina ba za su ji ba.

Abin da ya ƙona mini rai, da kuka zauna ke da mijinki kuna shawarar waɗanda za a ɓoye wa, kin bari an sa ni a ciki. Direba ya sani. Masu loda kaya sun sani. Wanda ya sayi firjinki ya sani. Ni ce abar tsoro? Ni zan kai labarinki daji? Me kika gani a tare da ni duk shekarun nan da ya sa ba ki buɗe baki kika ce wa mijinki ban da Yaya ba? Ko kuwa a can ƙasan ranki, duk da cin abinci a faranti ɗaya, kin ajiye cewa mu dai ba a gama yarda da mu? Ni da nake da shakka a kanki, gabanki na zo na tambaya, kika amsa, na yarda, ban sake waiwaya ba. Ke ba ki tambaye ni ba. Hukunci kawai kika yanke.

Na san abin da za ki ce, wai suyar ranar ita ce sallamarki. Ban karɓa ba. Mai tafiya zuwa yake ya zauna, ya ce ga shi zai tafi, a yafi juna, a yi masa addu’a, a raka shi bakin hanya, don ba wanda ya san wa zai riga wani. Wannan kika hana ni. Yanzu ban sani ba ko akwai haƙƙinki a kaina, ko wata magana ta taɓa fita daga bakina ta sosa miki rai kika haɗiye. Bayan kowace salla sai na yi ta juya wannan. Farantinki ma na wanke na ajiye a saman kwaba, na gaya wa yara ba namu ba ne, amana ce.

Har yanzu ina suyar ran Asabar, don Malam ya saba. Hannuna ya riƙe yawan gida biyu, kullum sai ta yi saura. Sabbin ’yan hayar mutanen kirki ne, ina miƙa musu, su gode, shi ke nan. Ba mai tsokanata. Ƙafar nan taki da ke kumbura da damina, kina dai shafa mata magani? Bitrus ya sami makaranta a can?

Tunda ba ki zo ba, bari in yi nawa rabin daga nan. Rifkatu, duk abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba, ki yafe mini. Duk abin da kika yi mini na yafe, duniya da lahira, ban da wannan guda ɗaya. Ba zan yi ƙarya in ce ya wuce ba. Shi sai na ji muryarki. Kada ki turo saƙo, kada ki sa wani ya ba ni haƙuri. Ki kira ni da kanki ki ce, Yaya, zan tafi. Ni kuma in ce miki Allah ya kiyaye hanya.

Allah ya tsare ku a inda kuke, ya raya muku zuri’a, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa da ta sa maƙwabci ke ɓuya wa maƙwabcinsa. Ni kuma ya sanyaya mini zuciya, don ni kaɗai na kasa. Amin.

Yayarki da har yanzu take fushi,
Maman Habiba