Garin Da Na Gina Da Burtali A Tsakiya

Bello, na ci! Garina ya tsaya har ƙarshen wasan, ba a ƙone shi ba.

To, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali a can Fatakwal. Mu nan Rimawa lafiya lau, an kwashe albasa. Da hannuna nake rubuta wannan, da ɗan karatun da na samu a ajin yamma. Ɗiyarka Hadiza za ta ɗauki hotonta ta sa inda dangi za su gani. Na yarda su gani.

Ka tuna ranar kasuwar Goronyo da na aike ka da buhunan albasa, kana ɗan shekara ashirin? Ka shiga shagon masu kwamfuta don ka sha inuwa, ka tarar ana wasan nan na gina gari. Ka bar buhuna cikin rana har La'asar. Da ka dawo, abin da ka fara ce mini shi ne, "Baba, na fara da bukka guda, na bar su da ganuwa."

Ban tambaye ka ko mene ne ba. Da na ga faifan wasan a aljihunka bayan wata biyu, na karya shi gaban ƙannenka, na ce ba za ka zama komai ba. Tun da ka bar gida, in ka zo sallah a Wurno kake kwana, wajen kawunka.

Hadiza ta zo hutu daga makaranta da kwamfutarta. Ta ce wasan da take yi a ciki shi ne naka na da, an yi ta sabunta shi, wannan kamar jikan wancan ne. Ina wucewa ta zaure na hango ta kafa gona kan tudu, ga fadama kusa da gulbi ta bari. Na ce, "Ke, mi kike yi haka? Wa ya koya miki noma?" Ta ce, "To Alhaji, zauna ka gyara." Na zauna don gyara gona guda. Sai kiran Azahar na ji, furata ta tsinke a ƙwarya.

A nan na tuna da buhunanka.

Sau biyu ana cinye ni, kuma laifina ne. Da na zagaye gari da ganuwa, na bar burtali ya ratsa gonaki, don ban taɓa ganin an toshe wa shanu hanyar ruwa an zauna lafiya ba. Ta nan mahara suka shigo. Hadiza ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Alhaji, babu Ardo cikin kwamfuta, ba mai kai ƙararka." Na ce ko babu, ba ni rufewa.

Karo na uku na bar shi a buɗe, na sa masu tsaro gefe da gefe. Mahara suka koma, fatake suka riƙa bi ta nan, kasuwa ta cika. Jiya da hantsi rubutu ya fito, ta karanta mini cewa na yi nasara.

Bello, ɗana, abin da ka zo gaya mini ran nan abin daɗi ne, ni kuwa ban saurara ba. Maganar da na faɗa ba gaskiya ba ce. Ka yafe mini. Innarka ta share ɗakinka. Wannan sallar ka kwana gida, ka nuna mini yadda kai kake kafa naka garin.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare hanyarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mahaifinka.

Ku kuma da ke karantawa, na Rabah da na Dinawa, Hadiza ba ta komawa sai bayan sallah. Ku taho zaure bayan La'asar ku ga garin. Na hana ta kashe shi sai Bello ya gani.