Na Ce Musu Lafiya Lau, Ashe Firizar a Fashe Take

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba. Kwana takwas suka rage mini, in suka wuce an ce magana ta mutu. Na rasa inda zan sa kaina.

Yau kwana ashirin da shida da rasuwar maigidana. Mai walda ne, ƙofofi da tagogi yake haɗawa, da gadajen ƙarfe. Ciwon ƙoda ne ya ci shi a hankali, kusan shekara biyu. Da ya ga jiki ya ƙi, sai ya sayar da janaretansa na aiki bai gaya mini ba, ya shiga kasuwar nan ta cikin waya ya saya mini firiza babba mai murfi a sama. Ya ce layinmu babu mai sayar da ƙanƙara, ba ya so wata rana in zauna ina kallon hannun mutane. Na ce ya daina irin wannan maganar. Ya yi dariya ya ce, "To Hajiya, in kin yi arziki dai kada ki manta da talakanki." Kullum da safe, yana kwance, sai ya duba wayar ya ce mini ta taso, tana hanya, ta kusa. Bai gan ta ba, Gwaggo.

Kwana huɗu bayan rasuwarsa ta iso. Gida cike da masu gaisuwa, takalma har bakin ƙofa. Ni ban ga saukewarta ba. Aka miƙo mini takarda da biro ta bayan labule aka ce in sa hannu, na sa. Wallahi ranar ko takardar sayar da ni aka kawo da na sa hannu. Aka tura kwalin cikin ɗan lungun da ke tsakanin ɗaki da kicin, don ɗaki ɗaya da falo muke haya, babu wani wurin.

Washegari wayarsa tana hannuna, tun safe take ƙara. Abokan aikinsa, mutanen da ya yi wa ƙofa shekara goma da suka wuce, wasu ma ban san su ba. Kowa ya kira, abu ɗaya nake faɗa, har bakina ya saba, ba na ma jin abin da ake ce mini. A cikin su wata mace ta kira, murya mai daɗi, ta gaishe ni, ta yi tambaya da ta ƙare da "lafiya". Na ce, "Lafiya lau, mun gode, Allah ya ba da lada." Na kashe. Ashe yarinyar kamfanin kasuwar ce, tambayata take ko kaya sun iso lafiya.

Sai da kwalin ya kwana goma sha biyu kafin na iya buɗe shi. Ba sakaci ba ne. Sunansa ne a manne a jiki, da lambar wayarsa, an rubuta shi ne mai karɓa. In na zo wucewa sai in shafa takardar in wuce. Gani nake in na yanke tef ɗin nan, abu na ƙarshe da ya aiko mini ya ƙare ke nan. 'Yan biyuna, mata ne masu shekara bakwai, su suka dame ni, kullum Umma a buɗe firizar Abba. Na kira yayana muka buɗe.

Kusurwar baya ta lotsa sosai. Ƙarfen da ke riƙe murfin ya karye gefe ɗaya, murfin ba ya zama daidai. Da yana raye, wannan ƙarfen ko awa ɗaya ba zai kai a hannunsa ba. Muka jona ta da wuta, tana gurnani kamar da gaske. Na sa kofin ruwa tun safe har la'asar, na ɗauko shi ruwa yadda na sa shi. Mai gyaran firji ya zo ya duba, ya ce bututun baya ya tsage, iskar sanyin ta fice, ya nuna mana inda man injin ya zube ya bushe a ƙasan kwalin. Ya ce faɗuwa ce ta yi, kuma ba faɗuwar jiya ba. Zai iya gyarawa, amma da tsada, kuma bai yi alkawarin za ta daɗe ba.

Daga nan na fara kiran waya. Mai kayan da ya sayar da ita a kasuwar ya ce shi ƙalau ya miƙa ta ga masu dako, in neme su. Masu dako suka ce ga sa hannuna a takarda. Na kira kamfanin kasuwar, aka bar ni ina jin kiɗa har katina ya ƙare, na sake sawa. Da aka ɗauka, wani saurayi ya ce kwana bakwai ake bayarwa a kawo ƙorafi, na wuce. Na ce ban buɗe ba ne sai daga baya. Ya ce ai ni da bakina na tabbatar musu kaya sun iso lafiya. Na ce ban taɓa ba. Sai ya kunna mini.

Gwaggo, na ji muryata. Ni ce, ba ƙarya ya yi mini ba. A bayan muryar har ana jin ƙanwar maigidana tana kuka. Na zama kamar wadda aka kama da ƙarya a gaban jama'a. Na kashe wayar kawai. To me zan ce? Mu ko a gadon asibiti aka tambaye mu, lafiya lau muke cewa. Shi kansa marigayin, ranar da ya daina cin abinci likita ya tambaye shi ya jiki, ya ce da sauƙi.

Na sake kira bayan kwana biyu, wata ta ɗauka, ita da ɗan tausayi. Ta ce akwai ɗaukaka ƙorafi cikin kwana talatin daga ranar da kaya suka iso, amma mai asusun da aka yi sayayyar da shi ne kaɗai zai yi. Ta ce in ba shi waya. Na ce ya rasu. Ta ce Allah ya jiƙansa, sannan ta ce amma Hajiya tsarinmu ke nan. Ta kuma gargaɗe ni kada in bari a taɓa firizar da sunan gyara, kada in jefar da kwalin, in na yi ɗaya daga ciki shi ke nan.

To ga ni nan. Ba halin gyara, ba halin mayarwa, ba halin amfani. Ni kuma ban taka ƙofar gida ba tun rasuwarsa, kuma da sauran lokaci kafin in fita, balle in je ofishinsu su ga idona. Tana nan a lungu ta cinye hanya, sai na karkace nake shiga kicin, sau nawa a rana. Yaran sun mayar da ita wurin ajiye jakar makaranta. Jiya ƙaramar ta tambaye ni wai yaushe za ta fara sanyi.

Yayana ya kawo dabara. Ya ce in ba shi wayar ya kira su a matsayin marigayin, tunda na san ranar haihuwarsa da duk abin da za su tambaya, kuma lambar sirri wayar za ta shigo. Ya ce, "Ke sanyinki ya yi yawa. Da baki suka cuce ki, da baki za mu karɓo. Minti biyar ne." Ba mugu ba ne, Gwaggo, shi ke ciyar da mu yanzu, ga nasa iyalin, na san nauyi ya yi masa yawa. Amma ni ba zan iya zama ina ji wani ya ce "ni ne" da sunansa ba. Dangin maigidana kuma ban gaya musu ba, ina kunya kada a ce hawaye bai bushe ba na hau rigimar kaya.

In bari yayana ya kira? Ko in haƙura, janaretan bawan Allah ya tafi a banza? Kuma maganar da na faɗa, da gaske ta ɗaure ni?

Taki,
Maman 'Yan Biyu

*

'Yata,

Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki haƙurin rashinsa. Na tsallake wasiƙu da yawa na sa taki a gaba saboda kwanakin nan naki, don haka mu tafi kai tsaye.

Kada yayanki ya kira da sunan marigayi. Zuciyarki ta gaya miki gaskiya. Ban da haka ma, kin riga kin shaida wa ma'aikaciyarsu cewa ya rasu, kuma kin ji da kunnenki suna naɗar kira. Ranar da mamaci ya kira su, sun sami dalilin rufe maganar gaba ɗaya, ke da ke da gaskiya ki koma mai laifi. Ki gode wa yayanki, akwai aikin da zai yi miki wanda ya fi wannan.

Su ma kamfanin a yi musu adalci. Kin sa hannu ba ki duba ba, kin wuce kwanakin da suka gindaya, kuma kullum suna fama da masu fasa kaya da hannunsu su ce a hanya ne. Yaran da ke ɗaukar waya ba su da ikon canza komai, abin da ke gabansu suke karantawa. Mai kayan ma wataƙila da gaske ƙalau ya miƙa ta. Saboda haka ki daina kashe katinki a kansu. A rubuce za ki bi, kuma sama da su.

Maganar da kika faɗa ba ta ɗaure ki ba. Ki sake duba ta: lafiya lau, mun gode, Allah ya ba da lada. Wa ke yi wa kamfani addu'ar lada don ya kawo kayan da aka biya? Amsar gaisuwar mutuwa ce, duk mai jin Hausa ya sani, ga kuka kuma ana ji a bayanki. Ki nemi wani babba a kamfanin mai jin harshen ya saurari naɗin har ƙarshe. Sannan ki yi musu tambaya ɗaya a takardar: sun ce mai asusu kaɗai suke saurara, to ke ba mai asusu ba ce ranar da kika ce lafiya lau. In muryarki ta isa ta rufe magana, ta isa ta buɗe ta. In ba ta isa ba, to babu wanda ya tabbatar musu da komai. Su zaɓi ɗaya.

Yau ɗin nan ki ɗauki hotuna: inda ta lotsa, ƙarfen da ya karye, busasshen man da ke ƙasan kwali, da takardar da ke manne mai sunansa. Mai gyara ya rubuta abin da ya gani, ya sa hannu da lambar wayarsa, amma kada ya kwance ko ƙusa ɗaya. Ki haɗa da takardar shaidar rasuwa, don ranar da ke jikinta ita za ta bayyana jinkirinki fiye da duk wani roƙo. Ki rubuta da sunanki, a matsayin matar marigayi, gajere, kwanan wata bayan kwanan wata. A tura ta wurin ƙorafi na cikin manhajar kasuwar da ke wayarsa, yayanki kuma ya kai kwafi ofishinsu da ƙafarsa, ya tsaya sai an buga masa hatimin karɓa. Muddin ta shiga kafin kwanaki takwas ɗin su cika, kina da hujjar cewa ba ki makara ba. Galibin irin waɗannan kamfanoni suna da hanyar da suke bi in mai asusu ya rasu, sai dai ba kowane mai ɗaukar waya ya san ta ba. In sun yi shiru ko sun ƙi, ki kai takardun nan hukumar kare haƙƙin masu saye da ke kusa da ku.

Abu ɗaya kuma ki kula da shi sosai: canji za ki nema, ba kuɗi ba. Kuɗi in an mayar, yawanci inda suka fito suke komawa, wato asusun marigayi a banki, kuma fito da su daga can wata doguwar hanya ce. Ke firiza mai sanyi kike bukata a gidanki.

Dangin mijinki ki gaya musu da bakinki, tun yau. Ki kira babbansu ki ce ga abin da ɗan'uwansu ya yi wa 'ya'yansa kafin ya tafi, ga yadda ya iso. Babu abin kunya a ciki. Gara su ji daga gare ki, kuma zai yiwu a cikinsu a sami wanda ya ga yadda aka sauke kwalin.

Ba zan yi miki alkawarin nasara ba, 'yata. Ina ganin kina da hujja mai ƙarfi, amma kamfani kan yi taurin kai. Ki sa wa kanki iyaka, wata biyu. In sun cika babu labari, ki kira mai gyara ya yi iya ƙoƙarinsa, ki fara da abin da ya samu, kada ki zauna gadin kwali har shekara. Mutumin nan sana'a ya so ya bar miki, kuma ba ya bukatar ki ci shari'a kafin ki cika masa burinsa.

Allah ya sa hannunki ya yi albarka, ya raya miki yaran nan, ya sa su zama sanyin idonki.

Gwaggonki