Kabad ɗin da Aka Auna da Tsayin Mijina

Zuwa ga Shugaban Kafintocin Matameye,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali, Alhaji, ina da ƙorafi a kan wani atiliye, wato shagon kafinta, da ke ƙarƙashinka. Na ɓoye sunansa, domin na ga ɗabi'ar ba tasa ba ce shi kaɗai.

Na farko. Kafin damina mijina ya ba da aikin kabad na ɗakin girki, na katakon maɗaci. Ranar awo aka ce in shige ɗaka, maza za su shigo. Marigayin ya miƙa hannu jikin bango, kafinta ya ja layi da alli daidai yatsunsa. Mijin nawa mutum ne dogo, kuma iyakar girkinsa dafa shayi. Ni da ke riƙe da tukunya ba a tambaye ni komai ba.

Na biyu. Ya rasu aikin bai ƙare ba. Ina cikin takaba aka zo aka kafa, ƙaninsa na tsaye. Ba zan rage muku ba, aikin ya yi kyau: ƙofofin ba sa ƙara, katakon ya sha gogewa, har yau yana ƙamshi. Sai dai hannuna ba ya wuce kantar ƙasa. Tukwanena na nan a daɓe, inda suke tun ina amarya. Da yamma in na dawo daga lise, makarantar sakandaren da nake koyarwa, nakan ci tuwona ina kallon layin allin nan. Ban goge shi ba.

Na uku. Na je atiliyen da ƙafata na roƙi a sauko da kabad ɗin. Mai wurin ya yi mini ta'aziyya cikin ladabi, sannan ya ce in turo namiji a yi magana. Ƙanin mijina ya koma Damagaram. Ba mu haihu ba. Na duba gidan sosai, Alhaji, ban samu wanda zan turo ba.

Roƙona, a zo a sake awo da hannuna. Maƙwabciyata Hajiya ta yarda ta zauna a tsakar gida har a gama. Nan gaba kuma a riƙa tambayar mai girkin. Idan duk wannan ya yi nauyi, ku ƙera mini ɗan tsani. Zan zo in ɗauka da kaina.

Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya bar ku da iyalanku.

Wassalam.

Malama Hadiza, Matameye